Zetasizer Nano ZS: na'urar da ɗalibin nano ba ya kauce mata

Duk wanda ya shiga digiri na biyu na bincike a injiniyancin sinadarai ya kama ɓangaren nano (nazarin ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita), ko ba daɗe ko ba jima zai tsaya gaban wannan na'ura ta kamfanin Malvern na Ingila. Tana auna girman ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa, daga ƙasa da nanomita 1 har maikuromita 10 (nanomita 10,000), da jan hasken lesa mai tsawon zango nanomita 633, tana karanta hasken da ƙwayoyin suka watso a kusurwar digiri 173.

Sauƙin aiki kam, babu laifi. A kunna ta minti 30 kafin a fara, a zuba kusan mililita 1 a 'yar kwalbar roba, a bar samfurin ya daidaita a 25°C na minti 2.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙura. Ƙwaya ɗaya mai nanomita 100 tana watsa haske daidai da miliyan ɗaya masu nanomita 10, don haka ɗan datti kaɗan ya isa ya binne ainihin sakamakon. A tace ruwan sirki da matata mai maikuromita 0.2, a goge shatin yatsa daga jikin kwalbar. A kuma duba kaurin ruwan da aka shigar a manhajar: wanda ya yi aiki da etanol ya bar lissafin ruwan sha, lambar ƙarya zai kwasa.

Girman da take bayarwa yakan ɗara na hoton TEM (madubin ƙara girma mai aiki da ilektaron), domin har rigar ruwan da ke manne da ƙwayar take ƙirgawa. Idan PDI, ma'aunin yadda girman ƙwayoyin ya sha bamban da juna, ya haura 0.7, kada lambar ta shiga kundin bincike.