Likitan dabbobin da ya duba min gaɓar ƙafar Akawal: yadda aikinsa yake, da inda ya ɓata min rai

Tunda mutane sun dame ni da tambayar ina na kai dokina Akawal kuma ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, bari kawai in rubuta a wuri ɗaya kowa ya karanta. Likita ne mai zaman kansa a nan Zariya, yana da ɗan asibitinsa na dabbobi amma yawanci gida yake zuwa idan harkar doki ce, sunansa dai ba zan kama ba saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a cikin maganar.

Yadda abin ya faro, ɗan yayana na ara wa dokin ya yi hawan angwancin abokinsa, kun san yaran yanzu dai, sukuwa a kan kwalta da zamiya kaman a filin yashi suke. Washegari Baba mai kula min da barga ya ce Alhaji zo ka ga ƙafar nan. Ƙafar gaba ta hagu, gaɓar nan da ke saman kofato wadda wasu ke cewa idon sawun doki, ta kumbura ta yi taushi kaman an zuba ruwa a leda, in ka taɓa da ɗumi. Laifina na farko shine na tafi shagon maganin dabbobi aka ban wani maganin zafi mai suna fenilbutazon, ina ba shi ɗingishin ya ɓace, ni kuma da murnata na ci gaba da kilisa har na yi Hawan Bariki da shi. Ashe maganin zafin kawai yake ɓoyewa, ɓarnar tana nan tana ci. Baba kuma ya nace a yi lalas, wai haka suka gada, har an fara neman ƙarfe, Allah Ya sa wani abokina ɗan folo a Kaduna ya ce kar in kuskura in ƙona dokin nan sai an ɗau hoto.

Abin da ya fara burge ni da likitan shine bai zo da allura a hannu ba. Tambayarsa ta farko yaushe rabon da a ba shi maganin zafi, da na ce shekaranjiya sai ya ce to madalla, da yau aka ba shi da ba zai ga komai ba. Ya sa aka ja dokin a ƙasa mai tauri, a tafi a dawo da sassarfa, shi kuma ya tsuguna yana kallon kan dokin ba ma ƙafar ba. Ya ce min Alhaji lura, duk sanda ƙafar mai ciwo ta taka ƙasa kansa sama yake yi, in lafiyayyar ta taka sai ya sauke. Wallahi shekarata nawa da doki ban taɓa lura da wannan ba. Daga nan ya lanƙwasa gaɓar ya riƙe ta kaman rabin minti ya ce a sake ja, sai ga ɗingishin ya fito fili har Baba ya yi salati. A ma'auninsu na ɗingishi daga 0 zuwa 5 ya ce dokin yana kan 3. Sannan ya yi allurar kashe zafi daga ƙasa wajen kofato, bai canza ba, ya hau sama zuwa gaɓar, dokin ya miƙe sumul, ya ce to ga gidan ciwon nan.

Hoton ne ya ci kuɗi ya kuma ci lokaci. Na'urar hoton ƙashin ba tasa ba ce aro yake yi, sai da muka jira kwana tara, ranar kuma ba wuta sai da na kunna janareta. Amma bayanin da ya yi min a kan kwamfutarsa ya kai kuɗinsa. Ya nuna min ƙashin ƙwauri da ke saukowa, da wanda ke ƙasansa, da wasu ƙananan ƙasusuwa guda biyu a baya. Tsakanin manyan akwai guringuntsi mai santsi da ke hana su gogar juna, shi ba ya fitowa a hoto, tazarar da ke tsakani ake dubawa, ta Akawal ta ɗan tsuke ta gefen ciki kuma bakin ƙashin ya fara fitar da ɗan tsiro kaman ƙaya. Sai ya aske gashin wurin ya sa na'urar sikanin irin ta masu ciki, ya nuna min babbar jijiyar da ta sauko ta bayan ƙwauri ta rabu biyu ta kama ƙananan ƙasusuwan nan, ita ce ke riƙe gaɓar kar ta zube ƙasa lokacin sukuwa, don a guje gaɓar nan saura kaɗan take taɓa ƙasa, ga shi ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki. Reshe ɗaya na jijiyar ya yi wani baƙin tabo a hoton, wato zaren ciki ya tsintsinke.

Na ce likita to wace allura ce za ta mayar da shi kaman da? Ya ce Alhaji babu. Jijiya za ta iya haɗewa in an yi haƙuri wata shida zuwa shekara, amma guringuntsi ba shi da hanyar jini, wanda ya cinye ya cinye, sai dai a rage gudun lalacewar. Raina ya ɓaci sosai a lokacin, don na saba da masu cewa kawo kaza ka ga aiki. Har allurar cikin gaɓa da abokina ya ce ana yi wa dawakin folo na roƙa, ya ce ba yanzu ba, tana ɗauke zafi doki ya manta da jijiyarsa ya ƙarasa ta, ga haɗarin ciwon kofato in an yi ganganci da ita. Fenilbutazon ɗin ma ya ce kwana kaɗan kawai, don yana kawo gyambon ciki yana taɓa ƙoda, musamman a zafin bazara in doki bai sha ruwa sosai ba.

Abin da ya rubuta mana ba wani abin a zo a gani ba ne. Ruwan sanyi da tiyo minti 20 safe da yamma, bandeji, a zuba yashi mai taushi a turke, a rage dusa da hatsi kar ya yi ƙiba yana tsaye, tafiya a hannu minti 10 kullum ana ƙarawa a hankali. Sai kofato, nan ya yi wa mai yankan namu faɗa mai kyau, wai ya bar gaban ya yi tsawo dunduniya ta kwanta, duk nauyin yana komawa kan jijiyar.

To ga ƙorafina. Mutumin nan ba ya ɗaga waya. Ka kira sau biyar sai dare ya turo saƙo wai yana gona wajen shanu. Ranar da bandejin ya matse ƙafar ta kumbura ta sama kwana biyu ina nemansa, kuma shi bai nuna wa Baba yadda ake naɗawa da auduga a ciki ba sai bayan an yi ɓarnar. Kuɗin kuma bai faɗa min gaba ɗaya tun farko ba, kaɗan kaɗan ya dinga fitowa, na zuwa daban na hoto daban na mai na'urar daban, da na haɗa sai da ya kusa kuɗin ragon layya mai kyau. Takardar sakamako ma sai da na roƙa sau uku, ƙarshe hotonta ya turo min ta WhatsApp.

In doki na ɗingishi kuma ba a san daga ina ba, zan ce a kira shi, amma a zauna a yi cinikin komai kafin ya taɓa dokin, kuma a karɓi lambar yaronsa. Yanzu wata bakwai kenan, sikanin na biyu ya nuna tabon ya kusa cikewa, Akawal yana tafiya lafiya lau sai dai da sanyin safiya gaɓar takan riƙe kafin ya ware. Likita ya ce hawan sallah a hankali cikin ayari zai iya, amma sukuwa da zamiya an gama. Ɗan yayan nawa jiya ma ya zo wai wani abokinsa zai angwance, Baba ne ya raka shi har ƙofar gida.