A binne ka, ko a daskarar da kai har zuwa wani zamani?

Masu biyan kuɗi a ajiye gawarsu cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili suna da hujja guda: wanda aka binne ya tafi ke nan, wanda aka daskarar kuwa wataƙila likitocin gobe su gyara shi. James Bedford, wani Ba'amurke da aka daskarar, yana jira tun 1967, yanzu yana hannun Alcor, cibiyar da ke ajiye irin waɗannan gawarwaki a Arizona.

Ɗaya ɓangaren ya fi nauyi a wurina. Har yau ba a farfaɗo da kowa ba, sanyin ma tsattsaga gaɓoɓi yake yi. A 1979 an tarar da gawarwaki sun narke sun ruɓe a Chatsworth, Kalifoniya, bayan kuɗin kula da su sun ƙare. A ce ma ka farka: ba dangi, ba sana'a, wa zai karɓe ka?