Eurail Global Pass: inda yake biya da inda yake cin kuɗi a banza

Duk wanda ya saba hawa jirgin ƙasa daga tashar Mobolaji Johnson ta Ebute Metta zuwa Ibadan ya san tikiti ɗaya, kujera ɗaya, tafiya ɗaya. Eurail Global Pass, tikitin yawo a jiragen ƙasan Turai, ba haka yake ba. Kwanaki kake saye, ba kujera ba, kuma a nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Tikitin na aiki a ƙasashe 33. An yi shi ne don mazauna wajen Turai, don haka mutumin Agege ko Idi-Araba shi zai saya. Ɗan'uwansa mazaunin Jamus kuwa tikitin Interrail, na mazauna Turai, ne nasa. Akwai na kwana 4, 5 ko 7 cikin wata guda, na 10 ko 15 cikin wata biyu, sai na jere daga kwana 15 har wata uku. Wanda bai cika shekara 28 ba yana samun ragi. Abokai biyu masu jakar goyo da hutun sati biyu, na kwana 5 ko 7 ya ishe su, tunda ranar da kuka wuni a gari ba a ƙirga ta. Ku biya da katin dala, katin naira na iya ƙin wucewa.

Kar a saya kafin biza ta fito. Bizar Schengen, wadda ke shigar da kai yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ce tun 2024, ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya na aƙalla Yuro 30,000, kuma ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ita ake nema wa. Tikitin ya haɗa da Birtaniya, Ireland da Turkiyya, amma bizar Schengen ba ta shigar da kai ko ɗaya daga cikinsu. Jirgin Eurostar zuwa Landan sai mai bizar Birtaniya.

Inda tikitin ke biya shi ne Jamus, Austriya, Siwizalan, Holan da Beljiyam. A nan yawancin jirage shiga kawai ake yi. Kun sauka Frankfurt daga Ikeja, tashar jirgin ƙasa tana cikin filin jirgin, cikin kamar awa guda jirgin ICE mai gudu ya kai ku Cologne. Munich zuwa Vienna wajen awa huɗu. In jirgi ya tsere muku, ku hau na gaba, ba ƙarin ko sisi. Siwizalan ce ma ta fi fito da kuɗin, don tikitinta na yau da kullum tsada ne da shi. Hanyar Bernina daga Chur zuwa Tirano, jiragen talakawa na bin layi ɗaya da na 'yan yawon buɗe ido, duwatsun nan dai su ne, kuma ba sa neman kuɗin kujera.

Faransa, Italiya da Sifen kuwa wata magana ce. Jiragensu masu gudu, TGV, Frecciarossa da AVE, duk dole ne ka biya kuɗin kujera daban, galibi Yuro 10 zuwa 20 kowane mutum, kowane jirgi. Ku biyu, jirgi biyu a rana, sai ku yi lissafi da naira. Kujerun da ake ware wa masu Eurail a wasu jiragen 'yan kaɗan ne, a Yuli da Agusta sukan ƙare alhali jirgin bai cika ba. Jiragen Italo da Ouigo ba sa karɓar Eurail sam. Mai niyyar Paris, Roma da Barcelona kawai, ya sayi tikitin kowace tafiya da wuri, sau da yawa ya fi araha.

Ranar tafiya daga sha biyun dare take zuwa sha biyun dare. Jirgin dare irin Nightjet rana ɗaya yake ci, ranar tashi, muddin ba ku sauya jirgi bayan sha biyu ba. Kuɗin gado daban ne, amma ya maye kuɗin masauki. Ɗakin mutum huɗu ya fi na shida. A na shida zama ma a miƙe sai da dabara, balle ajiye jaka.

Manhajar Rail Planner ce ke riƙe da tikitin. Kuskuren da aka fi yi shi ne a nemo jirgi a manta ba a kunna shi a kan tikitin ba. Mai duba tikiti zai ɗauke ka tamkar ba ka biya ba. Kowa ya sa nasa a wayarsa, don in duka biyun suna waya ɗaya kuka rabu a tashar Milan, ɗaya ya shiga uku. A riƙe batirin caji da fasfo a kusa. A Jamus kuma kar a yarda da sauyin jirgi na minti shida ko da manhajar ta nuna, jiragensu na yawan makara. A bar minti ashirin, in kuma jirgin dare za a tara, awa guda.