PowerToys ya raba ni da ciwon ƙaramin yatsa

Masu aikin taifin irina, musamman mu da ke bizines senta a Tudun Wada wajen Poly, kun san yadda lokacin furojet yake, tun safe har magariba kana kan Ctrl+C da Ctrl+V na kwafi da liƙawa, ƙaramin yatsan hagu ya lanƙwashe can ƙasa a lungu yana danne da Ctrl, manuni kuma yana miƙewa neman V, wuyan hannu a murɗe. Wallahi wannan murɗewar ce ke kawo tsamin da ke hawa har gwiwar hannu.

PowerToys manhaja ce ta Microsoft, kyauta ce, tana Microsoft Store, tana aiki a Windows 10 da 11. Kayan cikinta da yawa amma ni Keyboard Manager, mai sauya aikin maɓallan kibod, kawai ya kai ni. Ka shiga, ka danna Remap a key, ka ce Caps Lock ya koma Ctrl, shi ke nan. Caps Lock ɗin nan fa yana gefen A daidai inda yatsa ke hutawa, wuri mai kyau haka an bar wa maɓallin da sai mu wuni ba mu taɓa ba. Kibod ɗin IBM na farkon shekarun 1980 ma a nan Ctrl ɗinsu yake, daga baya aka sauko da shi ƙasa. Da Caps Lock ya koma Ctrl, yatsan gefe kawai yake matsawa kaɗan, hannu na zaune yadda yake.

Sai dai manhaja kaɗai ba ta isa ba gaskiya. Shift biyu ne a kibod, in harafin na hannun hagu ne danna Shift na dama, in na dama ne danna na hagu, kar hannu ɗaya ya ɗauki aikin biyu. Wannan sai an saba, kwanakin farko hannu zai riƙa komawa tsohon wuri, ka daure.

Abin lura, sai PowerToys na kunne canjin ke aiki, don haka a wajen saka fasuwod na shiga Windows Caps Lock na nan a Caps Lock ɗinsa, kuma ba ta iya taɓa maɓallin Fn na laftof. In kwamfutar ta oga ce ko kuna amfani da ita ku da yawa, ka sanar da su kafin wani ya zo ya ɗauka kibod ya lalace. Wanda ciwonsa ya kai hannu na mutuwa da dare kam ya je asibiti a duba shi, amma don rage wahalar yau da gobe na ba ta hannu biyu.