Ɗan majalisa ko na'ura: wa zai yi magana da yawun Sakkwatawa?

A majalisar shayi da ke kusa da babbar kasuwar Sakkwato an fara jin wata sabuwar magana: tunda 'yan majalisa ba sa komawa gida sai zaɓe ya matso, a bar ƙirƙirarriyar basira, wato na'ura mai kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ta tattara ra'ayin talakawa ta waya, ta faɗi abin da jama'a ke so. Masu siyasar farin jini suna son wannan zance, domin yana kawar da duk wanda ke tsakaninsu da taron jama'a.

Na'ura tana da sauri, ba ta karɓar goro. Amma abin da aka zuba mata shi take karantawa. A watan Satumba na 2021 an datse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Da a lokacin aka nemi ra'ayi, manomin Sabon Birni ko Isa bai da murya, sai matasan cikin gari masu data. Kuma wa ya tsara tambayoyin? Wa ya ga yadda aka tace amsoshin?

Ɗan majalisa kuwa, duk nauyin jikinsa, yana da suna da ƙofar gida. Majalisar dokokin jiha tana da kujeru 30, kowace da mazaɓarta, kuma kundin tsarin mulki ya ba masu zaɓe damar kiranye. Ƙuri'a ma tana da nauyi a nan: a 2019 Aminu Waziri Tambuwal ya ci zaɓen gwamna da tazarar ƙuri'u 342 kacal.

Ni dai ina gefen wanda zan iya tare shi a wurin ɗaurin aure in tambaye shi ina rijiyar burtsatsen da ya yi alkawari.