Jatan landen peppermint da na saya saboda Aiptasia

Gaskiya Aiptasia, wata ƙaramar halittar ruwa mai maƙalewa a jikin dutse, ta ishe ni a tankin ruwan gishirina, ka ƙanƙare ɗaya gobe ka tarar da biyar, ga shi tana harbin murjanin da ke cikin tankin. Shi ne na yi odar jatan landen peppermint guda uku don su cinye ta, sunansu na kimiyya Lysmata wurdemanni, sun iso da ransu cikin leda.

Kwanakin farko shiru kake ji, na ce kuɗina sun tafi, ashe cikin dare suke fitowa, na haska tocila na kama ɗaya yana yagar ƙaramar Aiptasia a gindin dutse. Ƙananan duk sun share su amma manyan ko kallo ba su ishe su ba. Kuma in kana cika zuba abinci wlh ba za su taɓa ta ba, sai da na rage.