Yaya, ga bayanin kekunan da ka tambaya

Assalamu alaikum Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali baki ɗaya. Ya kasuwa, ya damina? Saƙonka kan kekunan gwanjo da kake so in haɗa maka a kwantena ya iso tun watan jiya, kuma shirun da na yi ba raini ba ne. Cewa na yi bari in hau abin da kaina tukuna, kada in turo maka kayan da zai shekara a shago yana shan ƙura. Da hutun aiki ya zo sai na sayi wani tsohon keke a hannun maƙwabcina, na shiga jirgin ƙasa da shi zuwa Passau, garin da ke bakin iyakar Jamus da Ostiriya, na bi gefen kogin Danub har Biyena, babban birnin Ostiriya. Kilomita 320 da ɗoriya, cikin kwana shida. Kamar ka tashi daga Kano ka wuce Kaduna ka ƙara gaba sosai.

Don Allah kada ka gaya wa Hajiya haka kai tsaye. Ka san abin da za ta ce: yaro ya je Turai ya koma hawan keke, lallai abin ya ƙi. Alhali a nan masu hali ne suke wannan tafiyar. Tsofaffi masu furfura, mata da miji, kowa da hular kwano, suna wuce ni fiu ina haki. Sai a rana ta biyu na gane yawancinsu keken batir ne a ƙarƙashinsu, injin yana tura su har gudun kilomita 25 a awa, daga nan doka ta ce ya saki. Jakunkunansu ma ba sa ɗauka. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, su kwashi kayanka da safe a mota, ka tarar da su a masaukin gaba da yamma. Ni kuwa nawa na ɗaure a kariya da roba, irin ɗaurin da kake yi wa buhun masara.

Hanyar kanta ita ce abin kallo. Asalinta turbar dawakai ce, waɗanda suke jan jiragen kaya su haura ruwa kafin zuwan inji. Yanzu an shimfiɗa wa mafi yawanta kwalta, kuma a wurare da dama mota ba ta shiga. Tunda ruwan kake bi yana gangarawa, hawa kaɗan ne. Ga alluna a kowace mararraba suna gaya maka gari na gaba da nisansa, ban tambayi kowa hanya ba har na isa. A Passau koguna uku ne suke haɗuwa, Danub da Inn da Ilz, kowanne da launinsa, kuma a jikin bangon ofishin magajin gari sun zana iyakar da ambaliya ta kai da shekarar da aka yi ta. Ta 1501 ce a can sama, ta 2013 tana biye da ita, sai da na ɗaga kai kafin na gan su. Mu da sai dai a ce shekarar babban ruwa, kowa ya faɗi tasa.

A Schlögen kogin ya yi wata lanƙwasa kamar zai koma inda ya fito, duwatsu da daji sun matse shi, har hanyar ta ƙare a gefe ɗaya, dole ka yi fito. Wani ɗan jirgin katako ne yake ɗaukar mutum da kekensa. Na tuna kwalekwalen Wudil, sai dai nan an rubuta kuɗin fito a allo, ba ciniki, ba "ai ni ɗan gida ne".

Yanzu bari in zo inda ya shafe ka. Ranar Lahadi, bayan na bar Linz na wuce Mauthausen, inda sansanin gwale-gwalen 'yan Nazi yake a kan tudu, wanda mutum aƙalla 90,000 suka mutu a cikinsa da rassansa, ina tafe jikina a sanyaye, sai na ji ƙafar baya tana lilo. Faci. Na sauka na duba gabas na duba yamma. Yaya, da a gida ne, kafin in tura taku ɗari na ga mai faci a gindin darbejiya da bokitin ruwansa da famfonsa. Nan kuwa babu mahaluki. Na tura keken har ƙauye na gaba, shagon kekuna a kulle, domin ranar Lahadi kusan duk shagunan ƙasar nan a rufe suke, har na cefane. Abin da na tarar shi ne wani akwatin ƙarfe a jikin bango, ka jefa kuɗi ya sako maka sabon tiyub, kusa da shi kuma wani turke da aka ɗaure wa sufana da sukuddireba da igiyar waya, ga famfo, kowa ya yi amfani kyauta. An tanadi komai ban da mutumin da zai yi aikin.

Akwatin kuwa tsabar ƙarfe yake karɓa, ni kuma takarda ce a aljihuna. Sai na zauna a ƙasa na fito da faci da sholishon da na taho da su. Babu bokiti, na gangara bakin kogi na hura tiyub ɗin na tsoma shi cikin ruwa ina juyawa a hankali, har na ga ƙananan kumfa suna tasowa kusa da bawul. Na goge wurin, na kankare, na shafa sholisho, na jira ya sha iska kamar yadda kake dukan hannuna in na yi gaggawar mannawa. Wata tsohuwa ta tsaya da kekenta tana kallo, ta ce rabonta da ganin mai yin faci tun mahaifinta, su yanzu cirewa suke su sa sabo. Na yi maka addu'a a wurin, wallahi.

Washegari waya ɗaya ta ƙafar baya ta tsinke, ƙafar ta karkace tana gogar birki. Wannan ya fi ƙarfina, na shiga wani shago. Wayar kanta ba ta wuce Yuro ɗaya ba. Kuɗin hannu kuwa ya ninka ta fiye da sau ashirin, kuma sai da na yi magiya na ce matafiyi ne, don da farko cewa ya yi in dawo jibi, akwai layi. Amma in faɗi gaskiya, aikin ya yi. Ya ɗora ƙafar a kan wani ma'auni, yana juyawa yana ɗaure wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ta miƙe sak, ya ba ni rasit. Haka abin yake a nan, kaya da araha in ka gwada da albashi, hannun mutum kuwa wuta. Shi ya sa suke jingine keke mai rai saboda ƙaramar matsala, kuma shi ya sa kasuwar da kake hange take da gaske.

Sai dai ka kula da abu uku kafin mu zuba kuɗi. Tayar da suke kira 28 a nan ba ita ce 28 ta Rale da Finis ɗinmu ba. Tasu milimita 622 ce, tamu 635, sunan ɗaya amma wata ba ta hawa kan wata. In babu irin tasu a Sabon Gari, dole mu haɗa da tayoyi da tiyub, in ba haka ba mai saye zai dawo maka da rigima bayan wata uku. Bawul ma kala uku ne, irin namu, da irin na mota, da wani siriri da famfonmu ba ya kamawa. Na biyu, duk keken da birkinsa da mai yake aiki ba da waya ba, ko wanda giyarsa take a rufe cikin cibiyar ƙafar baya, zan bar musu abinsu. Suna da daɗin hawa, amma ranar da suka lalace babu mai buɗe su a unguwa. Na uku, keken batir ka cire shi daga ranka. Batirin kaɗai ɗaruruwan Yuro ne, masu jiragen ruwa suna ɗaukarsa a matsayin kaya mai haɗari, ga zafinmu, ga rashin wuta. Abin da zan nemo maka shi ne na ƙarfe mai kariya mai ƙwari, musamman wanda fitilarsa take samun wuta daga cibiyar ƙafar gaba. Wannan fitilar ba ta jin ruwa, ba ta cin taya, ko a hankali kake tafiya tana haskawa. Mai dawowa daga gona da magariba zai sa maka albarka.

Ci da sha, ka san halin. Naman alade a cikin kusan komai, don haka burodi da cuku da kifi da dabinon da na yi guzuri su suka riƙe ni, in na shiga babban gari in nemi shagon Turkawa. Ruwan famfo ana sha ko'ina, mai sanyi, kyauta. Fitar da shi ne da kuɗi, don banɗakin tasha sai ka jefa sulalla ƙofa take buɗewa. Kwalbar roba ma akwai ajiyar santi 25, wato kwatan Yuro, a kanta, sai ka mayar a ba ka abinka. Sallah ƙasaru na yi ta yi a kan ciyawa a bakin ruwa, ba wanda ya ce mini kanzil, sai dai rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara.

Wurin da na so a ce kana nan shi ne Wachau, tsakanin Melk da Krems, kilomita 36 ko kusa da haka. A shekarar 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Tsaunukan an yanka su hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse, an dasa inabi. Yawancinsa na giya ne, wannan ba ruwanmu. Amma akwai wani ɗan itace da suke kira Marille, bai kai ƙwan kaza ba, ruwan ɗorawa da ɗan ja a kumatu, ƙwallo ɗaya a ciki, kuma na dace da lokacin nunarsa. A ƙofar wata gona na ga tebur, an jera shi a ƙananan kwanduna, an rubuta farashi, ga ɗan akwati mai tsaga. Babu mai tsaro. Na tsaya ina jiran mai kaya ya fito har na gaji, sai wani ya zo ya ɗauki kwando ya jefa kuɗi ya yi gaba. Na yi yadda ya yi, amma sai da na waiga sau biyu kamar wanda ya yi sata. Ruwansa ma suna sayarwa a kwalba, sai dai ka tambaya da kyau, don barasarsa tana nan a jere kusa da shi.

A Spitz na tsallaka da wani jirgin fito da igiya ta riƙe daga sama, mai tuƙi ya karkata shi kawai, ƙarfin ruwa ya tura shi ƙetare, ba ƙara ba hayaƙi. Gaba kaɗan a Dürnstein akwai kangon fada a kan dutse. A nan aka tsare Sarki Richard na Ingila a 1192, yana dawowa daga yaƙinsa da Salahuddin. Ban hau ba, cinyoyina sun riga sun yi tsami. Kafin Tulln kuma na wuce Zwentendorf, tashar lantarki ta nukiliya da suka gina ta kammala, sannan a 1978 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, masu cewa a'a suka yi rinjaye da ƙyar, ba a taɓa kunna ta ba. Suna da madatsun ruwa masu ba da lantarki a jere a kan kogin, wasu ma ta kansu na tsallaka da keke.

Na shiga Biyena ranar Laraba da la'asar ta wani dogon tsibiri a tsakiyar ruwa, na yi sallah a babban masallacin da ke kusa da shi, wanda aka buɗe a 1979. A jirgin dawowa sai da na yankar wa keken nasa tikitin.

Ka je Sabon Gari ka duba mini maganar tayar nan, ka karanta lambar da ke jikinta, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Ka kuma gaya mini guda nawa shagon zai ɗauka. Akwai ɗan saƙo da zan turo ta hannunka a ba mai facin bakin layinmu, in har yana nan a gindin bishiyar. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata yawon buɗe ido na je.

Ƙaninka.